FASHIN BAƘI: Yadda ake buɗe kwamfuta idan kalmar sirri ta kwanta wa mai ita

Ga ɗalibin da ke harhaɗa kundin kammala karatunsa a makarantar kimiyyar lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi, ko wakilin jam'iyyar da ya adana hotunan takardun sakamakon zaɓe daga rumfunan Ikara da Hunkuyi, mance kalmar sirrin kwamfuta na iya salwantar da wahalar watanni. Samun mafita ya ta'allaƙa ne ga irin asusun da aka kafa tun ranar da aka fara kunna na'urar.

Asusun Microsoft

Idan ana shiga Windows da adireshin imel, kalmar sirrin tana hannun kamfanin Microsoft. Mai kwamfutar zai ziyarci shafin kamfanin ta wayarsa ya nemi sabuwa, sai a turo masa lambar tantancewa ta layin waya ko imel ɗin da ya yi rajista da shi. Daga nan sai ya haɗa kwamfutar da intanet ya shiga.

A nan ne manufofin gwamnati ke shigowa. A Fabrairun 2024 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba. Duk wanda layinsa ya mutu, kuma ba shi da wata hanyar tantancewa, yakan jira kwana 30 kafin Microsoft ya amince da sabbin bayanansa.

Asusun cikin na'ura

Kwamfutoci na hannu da ake sayowa daga Kano ko Zariya sukan zo da asusun da bai da alaƙa da intanet. Tun daga 2018, Windows 10 yana sa mutum ya zaɓi tambayoyin tsaro guda 3 yayin buɗe irin wannan asusu. Bayan an shigar da kalmar da ba daidai ba, zaɓin sabuntawa zai bayyana, kuma amsa tambayoyin ya wadatar. Haka nan wani asusun mai ikon gudanarwa a na'urar zai iya sauya kalmar.

Idan duk waɗannan sun faskara, saura goge na'urar a sake ɗora mata manhaja, matakin da ke tafiya da duk abin da ba a kwafe ba.

Hannun mai gyara

Masu gyara kan cire kalmar sirrin irin wannan asusu cikin mintuna da filashi. Sai dai abin da ya sauƙaƙa wa mai gyara ya sauƙaƙa wa ɓarawo da duk wanda ya ƙwace na'urar. Ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya, hakan na nufin sunayen majiyoyi da hotunan shaida suna filin Allah. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin kwamfutar wani, amma hukunci ba ya mayar da asirin da ya riga ya tonu.

Garkuwar ita ce BitLocker, tsarin da ke rikita bayanan faifai yadda ba za su karantu ba sai da mabuɗi. Yana da sharaɗi mai tsauri: mabuɗin ceto mai lambobi 48. Galibi yana ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar, kuma idan ya ɓace, kamfanin kansa ba zai iya dawo da bayanan ba.

Rigakafi

Tun kafin mantuwa ta zo, ya kamata mai kwamfuta ya rubuta mabuɗin ceto a takarda ya adana nesa da na'urar, ya sanya layin waya da imel guda biyu a asusunsa, sannan ya riƙa kwafe muhimman takardu a wani faifai duk mako. Ƙungiyoyi da ofisoshi kuwa, su sanya miƙa kalmomin sirri cikin takardun miƙa ragama, domin kada jami'i ya bar kujera da mabuɗin bayanan jama'a a kansa.