Kwana bisa ruwa a jirgin tano: me doka ta ce?

Mutum ya haɗa tano huɗu, ya shimfiɗa katako a kai, ya ɗaura dutse a igiya ya jefa don jirgin ya tsaya. Zai iya kwana a nan?

Dokar ruwa ta 1 ga Afrilu 2010 ta sanya koguna da tabkunan Nijar cikin dukiyar ƙasa. Kogin Isa ko tabkin Madarunfa ba gonar kowa ba ne, har da mai jirgin. In zai jefa taru, sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Gara kuma ya gaida sarkin ruwa, ya sanar da jandarma, domin a wannan zamani na rashin tsaro wanda aka gani bisa ruwa da dare zai sha tambaya.

Babban haɗarin yana ga igiya. In ta yi gajarta, ruwa kuma ya ƙaru cikin dare, kamar yadda kogi ke yi a Yamai a Agusta da Satumba, sai ta ja gefe ɗaya ƙasa, jirgin ya kife da masu barci. Tsawonta ya ninka zurfin ruwan aƙalla sau uku. A kwana da rigar ceto a jiki, fitila a kunne, nesa da hanyar dorina, don da dare take fitowa kiwo.