Asid Na Cinye Daɓen Tarazo Da Mabul: Abin Da Ya Kamata Masu Gida Su Sani

Kasuwar Ƙofar Ruwa a birnin Kano ta yi suna wajen kayan gini, tun daga rodi da fayif har zuwa kayan wanke daɓe. Cikin waɗannan kaya akwai ruwan asid, wanda leburori ke amfani da shi don cire ragowar siminti daga tayil bayan an gama gini. Ɓarnar tana farawa ne ranar da aka zuba wannan ruwa a kan daɓen tarazo ko na mabul, irin wanda ke shimfiɗe a masallatai da asibitoci da manyan gidaje.

Dalili kuwa shi ne, mabul ɗan'uwan dutsen nan ne da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, kuma duk wani abu mai tsami yana narkar da shi. Tarazo kuwa tsakuwar mabul ce da aka kwaɓa da siminti, saboda haka asid yana cin su duka biyu. Kumfar da ake gani tana tashi, wadda wasu ke ɗauka datti ne ke fita, fuskar dutsen ce ke narkewa. Ko ruwan lemon tsami da tsamiya da ruwan batir suna barin farin tabo mai kaushi.

Matsalar ba ta tsaya a nan ƙasar ba. A 1996 kotun ƙolin Indiya ta umarci masana'antun da ke kewaye da ginin Taj Mahal su daina ƙona kwal ko su ƙaura, domin hayaƙinsu yana lalata farin mabul ɗin ginin.

Idan asid ya zube, kada a goge shi, domin gugar tana faɗaɗa ɓarnar. A ɗora tsumma ya tsotse shi, a zuba ruwan kanwa don ya kashe tsamin, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa. Ƙaramin tabo yana gyaruwa da hodar goge mabul. Wanda ya yi zurfi kuwa sai an kira masu injin goge tarazo, su fara da dutse mai kaushi su ƙare da mai laushi, suna zuba ruwa, har ƙyallin ya dawo. Amma kowace guga tana rage kaurin daɓen.

Don haka rigakafi ya fi magani. Sabulu mai laushi da ruwa sun isa wankin yau da kullum. Man da ake shafa wa dutse yana hana shi shan datti, amma ba ya tare asid. Wanda bai san irin dutsensa ba, sai ya ɗiga lemon tsami a wani lungu da ba a gani. In wurin ya dushe, to asid ba nasa ba ne. Haka kuma kada a kuskura a haɗa asid da bilic, domin suna fitar da iska mai guba wadda ke iya hallaka mai wankin.