Ɗan kasuwa, shayi da burodi ba za su riƙe ka a tsufa ba

A kasuwar Dembe da ke N'Djamena, za ka ga dattijon da a da yake sauke buhun gero shi kaɗai, yau ko tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Masana sun ce daga shekara 30 tsokar jikin mutum kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, abin kuma yakan tsananta bayan shekara 60.

Abinci na da hannu a ciki. A 2020, wani bincike na Jami'ar East Anglia ta Ingila kan mutane kimanin 13,000 ya gano cewa masu samun isasshen bitamin C sun fi sauran tsoka. Wannan bitamin na kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, ga shi kuwa a gwaiba, mangwaro, tumatir da zogale.

Sai dai ganye kaɗai ba ya gina tsoka. A haɗa da wake, gyaɗa, nono da kifin kogin Shari. Mai wuni zaune a rumfa kuma ya riƙa miƙewa yana takawa, domin ƙarfin jiki ma jari ne.