Tsohuwar Talabijin Ba Shara Ba Ce

Duk sa'ad da hukumar NBC ta sake tado da batun komawa tsarin dijital, aikin da aka ƙaddamar a Jos tun 2016, sai ka ji ana cewa talabijin mai doro ta gama yayi, sai dai a miƙa wa 'yan jari-bola. Wannan gurguwar fahimta ce. Siginar kawai ke canzawa. A haɗa wa tsohuwar akwatin dikoda, za ta ci gaba da aikinta.

Manyan tashoshin Amurka sun daina watsa shiri ta analog tun 2009, amma har gobe akwai mutanen da ke kwana kan farfaɗo da talabijin ɗin da ta girme su, don sha'awa kawai. Galibi kafasitocin da suka bushe ake sauyawa, a bi waya ɗaya bayan ɗaya da dalma, kuma da hattara, domin kwalbar hoton tana riƙe wuta mai ƙarfi ko an zare filogi. Daɗin abin shi ne ranar da allon da ya shekara hamsin a mace ya kawo haske. A garin Hilliard na jihar Ohayo har gidan tarihi suka yi wa waɗannan akwatuna.

Mu fa? A Ibadan aka buɗe tashar WNTV ranar 31 ga Oktoba, 1959. Kaduna ta samu tata a 1962, Jos kuma ta riga kowa a Najeriya nuna hoto mai kala, kafin a haɗe tashoshin a ƙarƙashin NTA a 1977. A gaban waɗannan akwatuna masu ƙofar katako yaran unguwa ke cika tsakar gida a wancan zamani don kallon Samanja da Karkuzu. Yau guduma ake sa musu saboda 'yar wayar tagulla, gilashinsu mai gubar dalma kuma a watsar a bola inda yara ke wasa. Tsofaffin masu gyaran rediyo, waɗanda da jin ƙarar akwati suke gane ciwonta, suna ta ƙarewa ba magaji.

Me ya hana gidajen tarihinmu da tashoshin jihohi ware ɗaki guda, su tara waɗannan kaya, su ɗauki dattawan makanikai su koya wa ɗaliban makarantun fasaha? Kai kuma mai karatu, talabijin ɗin da mahaifinka ya bari a ɗakin ajiya, kada ka sayar da ita a kilo. Kai ta wurin mai gyara tun yana raye.