Daga kwalbar manja zuwa gilashin da wutar lantarki ke washewa

Ranar wata Alhamis cikin hunturu, mahaifiyar wani ɗalibina ta tare ni a bakin makaranta da kwalbar manja a hannu. "Malam, dubi yadda ya rabu biyu, sama ruwa-ruwa, ƙasa ya daskare. Ashe algus aka yi mini?" Har ta rantse ba ta ƙara saye wurin mai man.

Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri tukuna." Manja kitse ne iri-iri a haɗe. Idan gari da zafi duk suna narke, sai su zama abu guda. Da sanyi ya sauko, mai saurin daskarewa, wanda masana ke kira sitiyarin, sai ya ware ya kwanta a ƙasa, ya bar olin a sama. Masana'antu ma da gangan suke sanyaya manja don su raba biyun. Algus ɗin da ya kamata a ji tsoro shi ne rinin Sudan IV da wasu ke zubawa don ƙara masa ja, wanda hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta sha gargaɗi a kansa. Shi kuwa ba ya nuna kansa ta hanyar rabuwa.

Abin da ya fi burge ni, wannan rabuwar da ke ɓata wa uwargida rai ita ce wasu injiniyoyi ke nema ido rufe. A 1888 wani masanin tsirrai a birnin Prague, Friedrich Reinitzer, ya narka wani sinadari da aka samo daga kolestarol. Wajen maki 145 ya zama ruwa mai dishi-dishi, sai da ya kai wajen 178 sannan ya washe. A tsakanin nan yana gudana kamar ruwa, amma ƙwayoyinsa a jere suke, sun fuskanci wuri ɗaya kamar sahun salla. Bajamushe Otto Lehmann ya raɗa masa suna kiristal mai ruwa, kuma danginsa ne ke cikin allon wayoyi da talabijin masu LCD.

Yanzu akan gauraya irin wannan ruwa da roba tun tana narke. Yayin da robar ke ƙamewa, sai ta tura shi waje, ya taru ɗigo-ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, kowanne a ɗakinsa. A shimfiɗa wannan tsakanin gilasai biyu. Ba wuta, kowane ɗigo ya fuskanci inda ya ga dama, haske ya warwatse, gilashi ya yi fari kamar madara. A kunna wuta, duk su daidaita sahu, ka hango na ciki sarai. Ofisoshi da asibitoci na sa shi maimakon labule.

Hajiya dai na ce ta tsoma kwalbar a ruwan ɗumi. Washegari ɗanta ya zo ya ce man ya haɗe, amma har yanzu kunyar komawa wurin mai man take ji.