Kafin sayen tsohon ƙaramin jirgin sama a Sakkwato

Tsakanin Boɗinga da Shagari babu manyan duwatsu, amma zafin Afrilu kan yi wa ƙaramin jirgi abin da tsauni ke yi masa. Idan zafi ya haura digiri 40, iska kan yi shara-shara, ƙarfin inji ya ragu, jirgin ya daɗe yana gudu kafin ya tashi.

Don haka mai son tsohon jirgi irin Cessna 172, wanda ya shigo kasuwa a 1956, ya fara duba littafin gyaransa da awoyin da injin ya yi. Sai rajista a hukumar NCAA da lasisin tuƙi, wanda ake koyo a kwalejin Zariya da aka kafa a 1964. Tashi kuwa, sai da sanyin safiya.