Da Wasa Ake Fara Koya Wa Yara Piyano

Abin da ke fara tsorata ɗan koyo gaban piyano shi ne yawan maɓallansa: 88 ne cif, farare 52, baƙaƙe 36. Gogaggen malami ba ya barin yaro ya tsaya ƙirga su. Farauta yakan sa shi. Baƙaƙen nan gungu-gungu suke, bibbiyu da uku-uku, sai a ce ya nemo duk farin da ke hagun kowane gungun biyu. Guda 7 zai samu, kowanne sunansa C, na 8 kuwa yana can ƙarshe a dama shi kaɗai. Kafin ya farga ya san hanya.

Dabarar sa kunne da hannu gaba da takarda tsohuwa ce. Tun ƙarni na 11 wani malamin coci a Italiya, Guido na garin Arezzo, ya raɗa wa sautuka gajerun sunaye, waɗanda suka zama do, re, mi na yau. A Ingila John Curwen ya ɗauki tsarin wata malama, Sarah Glover ta Norwich, ya gyara shi, a 1870 kuma ya ƙara masa alamun hannu: dunƙulen hannu shi ne do, shimfiɗaɗɗen tafi mai kallon ƙasa shi ne mi. Malami ya yi shiru yana nuni, yara suna rerawa, wanda ya kuskure a yi dariya a sake. Makarantun Hungari masu bin koyarwar Zoltan Kodaly sun rungumi alamun nan. Tsarin Curwen ɗin ne ya iso Nijeriya ta makarantun mishan, mawaƙan coci da yawa kuwa da shi suke karanta waƙa har yau.

Manyan masu tsara kiɗa ma ba su raina aikin ba. Bela Bartok na Hungari ya rubuta darussa 153 tsakanin 1926 da 1939, ya kira su Mikrokosmos, ya sadaukar da littattafai biyu na farko ga ɗansa Peter. A darussan farko hannuwa biyu abu ɗaya suke kaɗawa, yatsu biyar ba sa barin wurinsu.

Sai dai ba kowane wasa ke da amfani ba. Wasu malamai kan manna takardu masu launi a kan maɓallai. Yaro yakan yi saurin kaɗa waƙa, iyaye su yi murna, amma idonsa a kan launi yake, ba a kan rubutun kiɗa ba. Ranar da aka ɓamɓare takardun sai a koma farko.